Katafilar da Muka Ɓoye a Ƙarƙashin Gado

Masu iya magana kan ce, da sanyin safiya ake kama fara. Mu dai namu kamun farar a bakin titi muka fara shi, domin kuwa duk wanda ya tashi a Potiskum, ya tashi ne da rugugin manyan motoci a kunnensa. Gari ne da ke zaune a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga hanyoyin da suka nufi Bauchi da Gombe da Gashuwa, ga kuma kasuwar shanu mai ci ranar Laraba, wadda tireloli kan cika maƙil su nufi kudu. Mahaifinmu ma direban irin waɗannan motoci ne. Mu biyu ne, wa da ƙane, kuma tun ba mu san ƙidaya ba muka san fere kara mu yi motar kara. Daga nan muka koma ta gwangwanin madara, mai ƙafafun tsohon silifas da sitiyarin waya.

Abin da ya raba mu da motar gwangwani shi ne katafila. Lokacin da aka shiga aikin mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, mukan tafi bayan gari mu tsaya kallon wannan dodon ƙarfe yana ture tudu kamar mai ture tuwo. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, tirelar mahaifinmu kan kafe a rairayi, alhali kuwa wannan jibgegiya tana ratsa shi ba ko gezau. Da muka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ku dubi tafin raƙumi, ku dubi kofaton jaki." Bai ƙara ko uffan ba. Sai da muka shiga makarantar sakandare muka gane nufinsa: taya kan tara nauyin mota a 'yan wurare kaɗan, ita kuwa sarƙa takan baza shi a kan faffaɗan wuri, don haka ƙasa ba ta nutsewa. Ke nan katafila da kanta take shimfiɗa hanyarta a gaba, ta taka, sannan ta naɗe abarta a baya.

Daga bisani karatu ya nuna mana cewa abin yana da tarihi. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Holt ne ya gwada tarakta mai sarƙa a jihar Kalifoniya a shekarar 1904, saboda manoman da injinansu ke nutsewa a ƙasa mai laushi. Daga kamfaninsa ne aka samu Caterpillar a 1925, sunan da bakin Bahaushe ya mayar katafila. Amma tun kafin nan, a watan Satumba na 1916, Turawan Ingila suka ɗora bindiga a kan sarƙa suka shiga da ita fagen daga a Faransa, aka samu tankar yaƙi. Shi kuwa sarrafa abu daga nesa ba da waya ba, tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan jirgin ruwa a birnin New York yana juya shi ta hanyar rediyo. Ashe sarƙar nan don noma aka ƙera ta, yaƙi aron ta ya yi.

A shekarar 2012 muka ƙudiri aniyar ƙera tamu 'yar katafila, wadda za a tuƙa da rimot. Mun zaɓi ma'aunin ɗaya bisa 16, wato duk inci 16 na babbar ya zama inci ɗaya a tamu. Kayan aiki kuwa, wurin 'yan gwangwan da garejin bakanike muka yi ta tsinto su. Injin goge gilashin mota guda biyu muka samo, ɗaya na dama ɗaya na hagu, domin motar sarƙa ba ta da sitiyari. In ana so ta yi kwana sai a tsayar da gefe ɗaya, ɗayan ya ci gaba da juyawa. In kuwa aka juya su saɓanin juna, sai ta yi ta kewayawa a wuri guda. Sarƙa kuwa kacar keke muka jera biyu-biyu, muka yanka langa-langa gunduwa-gunduwa, mai walda ya like mana su a kai. Batirin babur shi ne zuciyarta.

Mai karatu kada ya zaci abin ya zo da sauƙi. Rimot ɗin farko daga wata karyayyiyar motar wasa muka cire shi, muna haɗa shi da injin sai hayaƙi ya tashi, domin wutar da injin ke ja ta fi ƙarfin 'yan ƙananan kayan cikinsa. Wani dattijo mai gyaran wutar mota ne ya ji tausayinmu, ya nuna mana yadda za a sa rile a tsakani, yadda ƙaramar wuta za ta buɗe wa babba hanya ba tare da ta ƙone ba. Bayan wannan sai sarƙa ta kama gocewa duk sa'ad da aka yi kwana. In mun tsaurara ta, injin ya gaji. In mun sassauta, ta fita. Wata uku muka shafe kafin muka gano dabarar sa ƙaramar ƙafa a gaba mai ƙusar daidaitawa. Mahaifinmu kuwa yana gefe yana kallonmu. "Ku da gemu ya fara fito muku," in ji shi, "har yanzu kuna wasan yara?"

To, amma babbar jarrabawa ba daga ƙarfe ta zo ba. Waɗannan shekaru ne da garinmu ya ga tashin hankali. A watan Mayu na 2012 aka kai hari kasuwar shanu. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, motocin yaƙin da a da sai a hoto muke ganin su suka zama abin gani a titi. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014 kuwa, bom ya tashi a filin taron Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnati, ya hallaka mutane fiye da 40, galibinsu ɗalibai. A irin wannan yanayi, saurayin da aka gani da batir da wayoyi da rimot, wa zai tsaya jin bayaninsa? Wani maƙwabci ya zo ya yi wa mahaifinmu magana a soro, kuma ba mu ga laifinsa ba. A daren nan mahaifiyarmu ta kira mu ɗakinta, ta ce, "Na roƙe ku, ku raba ni da wannan abu. Ƙarfe ana sake samun sa, ɗa fa?" Muka ce, "To, Inna." Muka kwance katafila, muka jefar da wayoyin, muka cusa gangar jikin ƙarƙashin gado.

Shekara huɗu tana can tana tsatsa. A tsawon wannan lokaci mun sha tambayar kanmu, shin wasan yara ne da gaske? Amma sai mu tuna da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur a 2007. Mu kuma tuna da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a Amurka. Ba mu kai su ba, ba mu ma kama ƙafarsu ba, sai dai mun san cewa ƙasar da ta tsorata 'ya'yanta da taɓa waya, ba ta da ranar ƙera ko da allura. Ɓarnar da masu tayar da hankali suka yi mana ba ta tsaya ga rayuka da dukiya ba, har da sanya mana shakkar hannayenmu.

Da ƙura ta lafa, a hutun damina na 2018, muka jawo ta. Wannan karo sai da muka fara zuwa wurin mai unguwa muka shaida masa, muka kuma mayar da aikin ƙofar gida, inda kowa zai gani. Mun sayo rimot na gaske daga Kano. Wani abokinmu ya ba mu shawarar mu ɗora mata bututu a sama ta zama tankar yaƙi, wai ta fi ban sha'awa. Muka ƙi. Faranti muka sa mata a gaba na ture ƙasa, muka shafa mata ruwan ɗorawa.

Ranar gwaji, bayan la'asar, yaran unguwa suka yi mana zobe. Ta tashi da ƙara, ta haura tarin yashi, ta ture shi, ta yi kwana, sarƙa ba ta goce ba. Mahaifinmu, wanda a lokacin ya ajiye tuƙi, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in gani." Ya tura ta gaba, ya dawo da ita baya, ya ce kwanarta ta hagu tana da nauyi. Gaskiya ya faɗa, kuma a wurinmu wannan gyara ya fi kowane yabo.

Can sai wani ɗan yaro ya ja rigar ɗayanmu, ya ce, "Yaya, ina bindigarta?" Muka ce masa ba ta da ita, wannan hanya take gyarawa. Ya yi shiru yana kallon sawun da ta bari a kan yashi. Washegari da sassafe sai ga shi a ƙofar gida, riƙe da tsohuwar kacar keke.