Schenkenfelden: Garin da Ya Ajiye Kuramensa a Tsakiyar Kasuwa

Da hantsi muka tashi daga birnin Linz, ni da ɗan yayata da ke karatu a can, muka haye Kogin Danub muka miƙi arewa. Wannan yanki na ƙasar Ostiriya tudu ne da gangare, ciyawa shar, shanu na kiwo ba makiyayi ba sanda. Na ce ina masu shanun? Ya nuna mini wata siririyar wayar lantarki da ta kewaye filin, ya ce, "Kawu, ga makiyayin nan." Can gaba muka ga allon da ke nuna hanyar ƙasar Cek. Ni mutumin Araba, da na tashi ina kallon layin manyan motoci a bakin iyakar Illela da Birnin Ƙonni, sai na tambayi inda kwastan ke tsayawa. Ya ce tun ƙarshen 2007 aka ɗage shingen, sai dai bincike jefi-jefi.

Amma ba iyaka ta kawo ni ba. Labari na ji cewa akwai wani ƙaramin gari, Schenkenfelden, inda aka yi wa manyan kurame gida, kuma ba kowane kurma ba, sai wanda wata lalurar ta haɗu masa da kurumtar: taɓin hankali, ko raunin fahimta, ko farfaɗiya, ko makanta. Tun a mota na gama zana wurin a zuciyata: bayan gari, doguwar katanga, maigadi a ƙofa. Sai ga shi mun tsaya a dandalin kasuwa, daura da coci, yaron ya nuna wani tsohon gida mai tagogi a jere ya ce mun iso. Na ɗauka wasa yake yi. Ashe nan ne gidan, mai suna Lebenswelt, tsakiyar gari tsundum, ƙofarsa na kallon titin da kowa ke bi.

Muka danna ƙararrawa, ban ji ƙara ba, sai fitila ta riƙa walƙiya a ciki. Haka komai na gidan yake, an miƙa wa ido aikin kunne. Muka shiga wurin sana'a. Wasu na murza yumɓu, wasu na saƙa, wasu na goge katako, a kicin kuma ana haɗa abincin rana. Ba shiru ba ne kamar yadda na zata. Ana buga tebur, ana dira ƙafa a daɓe don jawo hankalin wani, ana dariya da ƙarfi, hannuwa kuwa sai kai da kawowa suke yi. Na kasa bambance ma'aikaci da mazauni, domin kowa da hannu yake magana, kuma cikin ma'aikatan ma akwai kurame.

A nan Jamusancin ɗan yayata ya tashi daga aiki. Wani dattijo mai farin gashi ya tare mu yana tambaya da hannu, yaron ya tsaya sororo. Ni ma ban san harshensu ba, don maganar hannun Ostiriya daban take da tamu, tana da ƙa'idojinta, har ƙasar ta sa ta cikin tsarin mulki a 2005. Sai dai duk wanda ya ci kasuwar Illela ran Lahadi ya taɓa ciniki da bebe. Na kafa yatsu a ka na yi ƙaho, na nuna rana na share gumi, na kwatanta tozon raƙumi. Dattijon ya bushe da dariya, ya kira abokansa, ya maimaita musu labarin da ƙarin gishiri. Ya ja hannuna ya nuna mini kwanon da ya gina, ya buga ƙirji. Yaron ya raɗa mini, "Kawu, yau kai ne tafinta."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wata mata da ba ta ji ba ta gani. Wata ma'aikaciya ta kama tafin hannunta tana taɓawa da sauri-sauri, tana jan layi, matar na murmushi tana gyaɗa kai. Na zaci tausa ce. Aka ce rubutu ne, haruffan Lorm, kowane harafi da mazauninsa a tafin hannu. Wasula biyar suna kan yatsu biyar: babban yatsa a, manuniya e, haka har ƙaramin yatsa u. Na buɗe hannuna na lissafa, na ga wasulan bokon Hausa ke nan cif. Tsarki ya tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Asalin gidan daga asibiti ne. Dakta Johannes Fellinger, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi wanda mahaifinsa kurma ne, ya buɗe sashen duba kurame a 1991 a asibitin Barmherzige Brüder na Linz, wato na wata ƙungiyar Katolika mai jinyar marasa lafiya. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Ciwon ƙafa ana ɗaukar hotonsa, amma ciwon hankali da hira ake gano shi. Idan likita bai iya hannu ba, ta ina zai san ko majinyacin ruɗewa yake yi, ko kuwa takaicin shekaru ne na rashin mai fahimtarsa? Kurma ya fusata ya fasa kofi, sai a ce hauka, a ƙara masa maganin barci. Da yawa cikin waɗanda suka zo wurinsa sun shafe shekaru a gidajen jinya ba su da abokin magana ko ɗaya. Ya ga magani kaɗai ba zai yi ba, sai an samar musu wurin zama da aikin yi da jama'ar da ke jin harshensu. A 1999 aka buɗe na Schenkenfelden, daga baya aka ƙara biyu, a Pinsdorf da Wallsee.

Da la'asar na zauna a dandali ina kallo. Kuramen suka fito daga wurin sana'a za su koma masaukinsu. Wata mata da ke tura keken jariri ta ɗaga hannu ta gaishe su da harshensu, suka tsaya suka ɗan taɓa hira. Wani ya shiga kanti ya fito da ledarsa. Babu yaran da suka bi su da tsokana, babu wanda ya waiwaya ma. Wannan ya fi ginin burge ni, don gini kuɗi ne, wannan kuwa sai gari ya yarda.

Mu a nan gida, a gaskiya ba daga sifili za mu fara ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da maganar hannu, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kanta a 2000 bayan bincike a Kano, inda bebaye ke da sarkinsu. Masu ji da yawa a kasuwanninmu sun iya ta gwargwado, ba wanda ya koya musu a aji. Akwai makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano, akwai ta A.A. Raji a Sakkwato, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kan hanyarmu ta zuwa birni. Giɓin yana tsakani. Makaranta ta yara ce, asibiti na jinya ne. Kurman da ya kai shekara arba'in, hankalinsa ya taɓu, iyayensa suka rasu, ina za shi? Mun san amsar: ko ɗakin da ake kullewa a bayan gida, ko mari a ƙafa, ko yawon tasha.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta samu sa hannu a Najeriya a 2019, ta lafiyar ƙwaƙwalwa kuma a 2023. Ina roƙon hukumomin lafiya na Jihar Sakkwato su sa maganar hannu cikin karatun ma'aikatan jinya, su ɗauki kurame aiki a asibitoci. Attajiran Illela kuma, cikin gidajen da ake ginawa a bakin kasuwa, a ware ɗaya domin waɗannan bayin Allah.