Kalmar da Ta Kusa Raba Malami da Aikinsa

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato har da ajiye sirri. To amma mu da muke koyar da Turanci a makarantun sakandare mun daɗe muna yi wa kalmomin fitar da sirri riƙon sakainar kashi. Idan ɗalibi ya tambaye mu ma'anar reveal ko disclose ko divulge ko leak ko expose, sai mu ce masa duk tona asiri ne, mu wuce. Sai da wani abu ya faru a makarantarmu sa'an nan muka gane kurenmu.

A wata shekara, ana saura kwana 3 a fara jarrabawar ƙarshen zango, wani matashin malami ya ga takardar tambayoyin lissafi a hannun ɗalibai. Bai yi wata-wata ba ya kai wa shugaban makaranta. Aka kafa kwamiti, aka ɗora mana rubuta rahoton da za a aika ma'aikatar ilimi da Turanci. Cikin gaggawa muka yi amfani da leak a kan malamin, alhali nufinmu shi ne ya bankaɗo ɓarnar. Kowane malami kuwa ya san nauyin wannan kalma tun 1977, shekarar da tambayoyin WAEC suka fita kafin lokaci, har aka laƙaba wa abin Expo 77. Ba a yi mako 2 ba sai ga takardar tuhuma. Bawan Allah ya shigo ɗakin malamai riƙe da ita, hannunsa na rawa, yana tambaya ko wane ne ya yi masa wannan sharri. Muka rasa inda za mu sa kanmu don kunya.

A daren nan muka ɗauko ƙamus muka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Reveal ta samo asali daga kalmar Latin ta mayafi, wato yaye lulluɓi ne kawai, ba ta ɗora wa kowa laifi. Disclose buɗe abin da ke rufe ne, galibi daga bakin mai shi ko hukuma, kamar yadda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa ma'aikatun gwamnatin Nijeriya. Divulge tushenta kalmar Latin ce mai nufin gama-garin jama'a, wato an ba ka amana ka kai ta kasuwa. Leak yoyo ne irin na tsagaggen tulu: na ciki ne ya zurarar da abu a ɓoye. Expose kuwa fallasa mai laifi ne, kuma ita ce ta dace da abokin aikinmu.

Alal misali, a badaƙalar Watergate ta Amurka, wadda ta faro a 1972, Mark Felt, na biyu a hukumar FBI, ya riƙa tsegunta wa Bob Woodward na jaridar Washington Post bayanai a asirce. Wannan leak ne. Abin da jaridar ta yi wa gwamnatin Nixon, wanda ya yi murabus a 1974, expose ne. Da Felt ya fito a 2005 ya ce shi ne majiyar, reveal ke nan.

Washegari muka rubuta gyara muka kai da ƙafarmu, kuma aka janye tuhumar. Sai dai magana zarar bunu ce. Har yau rahoton farko na nan cikin fayil ɗinsa, gyaran yana maƙale a bayansa.

Abin da ya fi damunmu shi ne, a Hausa babu ɗayanmu da zai haɗa kwarmato da suɓutar baki, ko tsegumi da bayani. Ashe lalaci ne ya sa muka ɗauka na Turawa duk ɗaya ne. Yanzu kafin ɗalibanmu su zaɓi kalma, sai sun amsa tambaya 3: sirrin na wane ne, an ba mai fitar da shi amana, kuma a fili ya fitar ko a ɓoye? Muna roƙon 'yan'uwa marubuta da masu fassara su ma su riƙa yi wa kansu waɗannan tambayoyi kafin su sa sunan mutum a takarda. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.