Amon da ke bi ta ƙasa

Kalangu a hammata yake zama, ganga kuwa a kafaɗa take rataye, makaɗin kuma bisa rairayi yake tsaye. Shi ya sa wanda ke ɗaukar kiɗan ƙofar fada bai cika damuwa da girgizar ƙasa ba, domin jikin makaɗi ya shanye rabinta, rairayi ya shanye saura. Gangunan orkes, waɗanda makaɗan Yamai ke kira bateri, halinsu dabam ne. A kan ƙafafun ƙarfe suke tsaye, babbar gangar kuma da ƙafa ake bugunta, ta yadda kowane bugu sai ya taɓa daɓe kamar saukar taɓarya.

To, amo hanya biyu yake bi zuwa mikoro. Ta farko iska ce, inda yake tafiyar metir 340 ko kusan haka cikin daƙiƙa guda. Wannan shi ne kiɗan da kunne ke so. Ta biyu ita ce daɓe da sandar mikoro, kuma cikin ƙarfe gudunsa ya kai wajen metir 5000. Ke nan girgizar da ta bi ta ƙasa tana riga kiɗan isowa. Mikoro ba ya rarrabe baƙon da aka gayyata da wanda ya hauro ta katanga: duk abin da ya motsa fatarsa, sai ya mai da shi sauti. Abin da ke fita shi ne wani ruri mai kauri da ke kwance ƙarƙashin waƙa, ya dagula muryar babbar ganga, ya cushe da ta gitar bas. Dandamalin katako, irin wanda ake kafawa ranar biki, shi ne mafi muni, don shi kansa ganga ne mai rami a ciki. Siminti ya fi dama, amma bai kuɓuta ba.

Maganin ƙaramin abu ne: zobe mai zaren roba da ake rataye mikoro a tsakiyarsa, kamar gizo cikin saƙarsa, yadda ba inda jikinsa ya taɓa ƙarfe. Sanda na rawa, roba na miƙewa tana komawa, mikoro na nan inda yake. Sai dai dole roba ta dace da nauyin abin da ta ɗauka. Mikoro marar nauyi cikin roba mai tauri, da shi da babu duk ɗaya.

Ba kowane mikoro ke bukatarsa ba, kuma a nan ne ƙungiyar da kuɗinta ƙidayayye ne ya kamata ta yi lissafi. Shure SM57, wanda ya fito a 1965 kuma har yau ake kafa shi bakin ƙaramar ganga, yana da nasa makarin girgiza a ciki, ga shi dab da fata, bugun ya rinjayi komi. Masu rauni su ne biyun nan da ake ɗagawa sama da kan makaɗi don su kwashe gangunan gaba ɗaya da fayafayen tagulla. Jinsu ya fi kaifi, sandunansu sun fi tsawo, kuma an fi ƙara musu ƙarfi. Zobe biyu saboda su sun fi takwas da aka raba barkatai.

Akwai masu cewa a bar wa na'ura, ai tana iya yanke duk abin da ke ƙasa da hertz 80. Gaskiya ne tana iyawa, amma wuƙar ba ta da ido. Kaurin muryar babbar ganga a wannan yankin yake, tsakanin 50 da 100, sai a kori ɓarawo tare da mai gida. Ga orkes irin Tal National, wanda faifansa Kaani na 2013 ya kai kiɗan Yamai Turai da Amurka, ganguna su ne ƙashin bayan waƙa. In aka rage musu nauyi, rawa ta tafi. Haka ma ƴan makaranta da ke ɗaukar waƙarsu sau ɗaya tak a gidan matasa na Maraɗi ko Tawa: ba za su sake taruwa da shekarunsu na yau ba, abin da ya shiga faifai shi za a ji bayan shekara talatin.

Ƙasarmu kuma tana da nata sharaɗi. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna cin roba. Zoben da aka ajiye shekara biyu cikin akwati kan fito a sake, mikoro ya sauka ya jingina da ƙarfe ba wanda ya lura. Kamfanin Rycote na Ingila yana yin wani iri da filastik mai lanƙwasa maimakon zare, ya fi jure zafi, sai dai tsada. Wanda bai samu ba, darduma mai kauri ƙarƙashin ganguna da wata dabam ƙarƙashin sanda suna rage da yawa, kuma robar cikin tayar keke, in an yanka ta siriri, tana maye gurbin zaren da ya mutu. Waya ma hanya ce: in an ja ta tam, girgiza ta bi ta cikinta ta tsallake zoben, don haka a bar mata ɗan lanƙwasa kusa da mikoro.

Gwajin ba ya cin minti guda. Mai ɗaukar sauti ya sa abin saurare a kunne, wani ya ƙwanƙwasa gindin sanda da yatsa, sa'an nan ya taka daɓe kusa da ita. In an ji dum, to da sauran gyara kafin makaɗi ya zauna.