In moto ya yi shaƙuwa

Ƴan uwa, moto ya zama jakin zamani. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai mai naƙuda likita. Ya kamata mai shi ya san ciwonsa.

Akwai wani ciwo mai ruɗi. In moto na tsaye, injin na bugawa lafiya lau. Da ka murɗa wuta, sai ya kama shaƙuwa, ƙarfi ya tafi. Nawa ya yi mini haka da hunturu, cikin rairayi, a hanyar Tasawa. Wani tsohon mai gyara ya duba shi, bai kwance injin ba. Ya ce mini: "Malam, abu uku injin ke ci: iska, mai da wuta. In yana tsaye, kaɗan ya ishe shi. In ka murɗa, da yawa yake nema. Nan ne wanda ya gaza ke tona kansa."

Ga yadda ya koya mini. A fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Na farko, iska. Buɗe soson da ke tace ƙura. In ya toshe, injin ba ya numfashi. Nawa ya cika da ƙura kamar buhun gero.

Na biyu, wuta. Bari injin ya huce, ka kwance buji, ka dubi bakinsa. In ja-ja ne kamar ɓawon gyaɗa, lafiya. In baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In fari ne fat, mai bai isa ba. Dubi wayarsa kuma, ko ta tsage.

Na uku, mai. Zuba kaɗan cikin farar kwalba, nesa da wuta da taba. Ruwa ya fi mai nauyi. In akwai shi, za ka gan shi kwance a ƙasa, tare da datti. Su ne ke toshe ɗan ramin da mai ke bi.

In duk ukun nan lafiya, to, aiki ya zama na mai gyara. Gaya masa lokacin da shaƙuwar ke zuwa: da sanyin safe ne, ko bayan injin ya yi zafi, ko a hawa da kaya. Wannan bayani zai rage masa lalube, ya rage maka sayen kayan da ba su lalace ba.

Kada ka jira daren da za a buga maka ƙofa. Duba motonka tun yau.