Tiyar da ba ta ɗaukar tozo

Tun daga 1968, lokacin da aka kafa a Yamai cibiyar tattara adabin baka wadda a yau ake kira CELHTO, ɗaukar muryoyin dattawa da makaɗa ya zama amana a ƙasarmu. Masu bincike na wancan zamani, irin su Jean Rouch, da na'urar Nagra mai zare suka yi yawo, abu mai nauyi da tsada. A yau ƙaramar rakoda mai shiga aljihu tana hannun malamin makaranta da magatakardan ƙungiya. Ina murna da wannan sauƙi, amma akwai aibin da nake yawan ji cikin abubuwan da ƙungiyoyi ke kawo mini in saurara: da zarar kiɗa ya yi zafi sai sautin ya tsage, kamar ana keta sabon yadi.

Dalilin yana cikin yadda na'urar dijital ke aiki. Auna ƙarfin sauti take yi tana rubuta lamba, sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa guda. In da bit 16 take aiki, matakai 65,536 gare ta, kuma iyakarsu ita ce sifilin da ke ƙarshen ma'aunin na'urar. Zaren kaset kamar tiya yake wadda ake yi wa tozo: in an matsa masa yakan ɗauki ƙari kaɗan, sautin ya dushe a hankali. Ita kuwa dijital kamar mai awon da ke shafe bakin tiya da hannu take. Duk abin da ya haura iyaka an sare kansa ke nan, kuma ba ƙasa ya zuba ba balle a tsince.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da asarar ke faɗawa. Fasaharmu a ƙololuwar murya take bayyana: busar kakaki da algaita a ƙofar fadar Damagaram, guɗar mata ranar kai amarya, kirarin ɗan kokowa da ihun fili sa'ad da aka yi kaye a gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Na taɓa sauraron waƙar niƙa ta wata tsohuwa daga karkarar Maraɗi. Inda ta yi ƙasa da murya komai ya fita sarai, amma duk inda ta ɗaga, wato inda take ambaton iyayenta, kalmomin sun narke cikin ƙara. Ta riga mu gidan gaskiya, babu mai sake rera ta.

Rigakafi ya fi magani. Kafin a fara, a roƙi makaɗi ya buga da iyakar ƙarfinsa, a saita na'ura yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya kamar desibel 12 ƙasa da sifili. Sauti maras ƙarfi ana iya ɗaga shi a kwamfuta daga baya, musamman in an ɗauka da bit 24; wanda ya tsage kuwa, manhajar gyara kintace kawai take yi. A sani kuma wani lokaci tun a bakin makirfo sautin ke lalacewa, ma'auni bai kai sifili ba amma ƙarar na nan. Maganin wannan shi ne ja da baya: a fili, in aka ninka tazara, ƙarfin sauti na raguwa da kamar desibel 6. Saitin da na'ura ke yi da kanta ma ba abin dogaro ba ne wajen ganga, domin bugun yakan riga shi. Sannan kada abin saurare ya bar kunnen mai ɗauka.

Daga 2019 an samu rakodojin hannu masu bit 32 da suka rage wannan matsala ƙwarai, sai dai ba kowace ƙungiya ke da kuɗinsu ba, kuma makirfonsu ma yana da iyaka. Shi ya sa nake roƙon malamai ƴan uwana da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu: kafin a aiki matashi ƙauye da rakoda, a zaunar da shi yini guda gaban mai kalangu, ya ɗauka, ya saurara, ya sake saiti, har kunnensa ya gane tsagewar sauti tun daga bugun farko.