Ashe Duk Goshi Ne!

Goshi ne! Wannan dai da muke dungurawa a ƙasa in mun yi sujada. Tun da na gano haka na kasa zaune na kasa tsaye, duk wanda ya shigo hannu sai na tare shi da zancen, har mutanen gida sun fara guduna.

A Maraɗi abin ya faro, a zauren wani aminina da ke koyar da Faransanci. Muna cikin shan shayi sai ƙaramin ɗansa ya kwaso a guje ya yi karo da ƙyaure, nan take wurin ya yi ƙulu. Uban ya jawo shi yana murza masa da tafin hannu, yana ta faɗa da Faransanci, sai kunnena ya tsinci kalmar front. Na ce, "Malam, yaro ya bugu, me ya kawo zancen bakin daga?" Ya yi dariya, ya ɗora yatsa a kan ƙulun ya ce, "Ga front na asali nan, Alhaji. Na sojoji aro ne." Ya miƙo mini wani tsohon ƙamus da bangonsa ya rabu, shayina ya huce ban sani ba.

Tushen kalmar Latin ne, harshen Rumawan da: frons, in ta juya a jimla ta koma frontis. Goshi ke nan. Faransawa suka gaje ta a matsayin front, mutanen Sifaniya suka ce frente, na Italiya fronte, kuma har gobe da ita suke kiran goshinsu. Turawan Ingila a wajen Faransawa suka karɓa, amma da tafiya ta yi tafiya suka bar mata ma'anar gaba kawai.

To ga inda tsigar jikina ta tashi. A wajen Rumawa, goshi ne mazaunin kunya. A nan ake duba ko mutum yana da ta ido ko babu. In suna so su ce wani ya ajiye kunya gefe zai yi abin da ya ga dama, sai su ce perfricare frontem, wato ya murje goshinsa, ya goge jan da kunya ke kawowa. Jama'a, mu me muke cewa? Ya murza wa idonsa toka! Su goshi, mu ido, amma murzar ɗaya ce, niyyar ma ɗaya. Daga baya aka samu effrons, marar goshi, wanda Faransanci ya mayar effronté, Ingilishi ya samu effrontery, wato tsaurin ido da fitsara. Affront kuwa, cin mutunci, asalinsa dukan mutum a goshi ne. Confront haɗa goshi da goshi, abin da muke kira gaba da gaba.

Rumawa ba su tsaya a jikin mutum ba. Gini ma sun ba shi goshi. Katangar nan mai ginshiƙai da ke bayan dandalin wasan kwaikwayo scaenae frons suke ce mata, kuma mai hawa uku tana nan tsaye a Sabrata ta ƙasar Libiya. Kabari ma haka. Maƙabartunsu a bakin hanyoyin fita gari suke, kuma a jikin dutsen sukan sassaƙa girman filin: in fronte ƙafa kaza, wato faɗin da ke kallon hanya, in agro ƙafa kaza, zurfin da ya shige gona. Kai ka ce dillalin filaye ne ke cewa hamsin ta ɗari, fuska na kallon titi.

Sahun farko na mayaƙa, wanda ke kallon abokan gaba, shi ma goshin runduna ne. Daga nan Faransanci ya fitar da frontière, wadda da farko take nufin sahun gaba ko wurin da ke fuskantar maƙiyi, kafin ta zama iyakar ƙasa. Da na zo Ɗan Isa a hanyar komawa Jibiya na tsaya ina kallon shingen kamar yau na fara ganinsa: ashe inda goshin Nijar ya haɗu da na Nijeriya ke nan. Direba sai da ya danna mini hon.

Sauran kuwa sai suka riƙa zubowa da kansu. FLN da ta ɗauki makami a Aljeriya a 1954, FRELIMO ta Mozambik da aka kafa a 1962, FROLINAT ta Chadi da aka kafa a Nyala cikin Sudan a 1966, duk harafin F ɗin farko goshin nan ne. Larabci ma bai kauce ba, domin jabha goshi ce, kuma da ita ake kiran irin waɗannan ƙungiyoyi. Hatta masu hasashen yanayi sun ci arzikinta: a Bergen ta ƙasar Norwe, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da abokan aikinsu suka kira layin da iska mai sanyi ke karo da mai ɗumi front, saboda ya yi musu kama da fagen dagar da aka gama zubar da jini a kai.

Wani ɗan Afirka ma ya ci sunan. Marcus Cornelius Fronto, haifaffen Cirta, wato Kusantina ta Aljeriyar yau, shi ya koyar da Marcus Aurelius balaga kafin ya zama sarkin Rum. Fronto laƙabi ne na mai faffaɗan goshi.

Ni dai a nawa son zuciyar, namu goshin ya fi daɗin zama da shi. Mu lokaci muka ba shi da sa'a: goshin magariba, goshin azumi, amarya mai goshi. Nasu kuwa daga kunya ya zarce yaƙi.

Amma batun kunyar nan bai ƙyale ni ba, don likitoci da wannan kalma suke kiran ƙashin goshi da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke bayansa, frontal, kuma wannan ɓangaren yana da babban hannu wajen kame kai da auna abin da ya dace. Ranar 13 ga Satumba 1848, kusa da garin Cavendish a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a ramin dutse sai albarushin ya tashi. Sandar ƙarfen da ke hannunsa, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kusan kilo 6, ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta bi ta bayan ido, ta fita ta tsakar ka. Bai mutu ba! Likitan da ya yi jinyarsa, John Harlow, ya ba da labarin cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar da rashin haƙuri, har masu aikin suka ƙi mayar da shi kan muƙaminsa. Masu bincike na baya sun nuna an yi wa labarin ƙarin gishiri, domin Gage ya je Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja, aikin da marar kan gado ba zai iya ba. Ya rasu a 1860, kuma ƙoƙon kansa da sandar suna ajiye a makarantar likitanci ta Harvard.