Zumuncin da Na Ƙulla a Kaina a Mansura

Na tona asirin wani bawan Allah a Doha ba tare da niyya ba, kuma har yau abin yana cina.

A watan azumi ne. Wani dattijo da muke kira Alhaji ya tara mu buɗa-baki a gidansa da ke unguwar Mansura. Mun kai mu goma: direbobi, masu gadi, ɗalibai, da ɗan kasuwa ɗaya. Kafin a kira sallah ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gabatarwa, wane ɗan ina ne, me ya haɗa shi da wane. Akwai wani matashi direba ɗan Katsina da na riga na sani, wanda ya gaya mini a asirce cewa kamfaninsu ya sallame shi, bai kuma sanar da gida ba. Akwai kuma wani babban mutum, shi ma Bakatsine, da ya zauna kusa da shi suna ta raha.

Bayan tarawihi na sami babban mutumin nan na ce, "Baba, ku da kuke tare da yaron nan, a taimaka a nema masa wani aikin kafin takardar zamansa ta ƙare." Ya dube ni ya ce, "Au, an sallame shi?" Ashe kawun yarinyar da matashin yake nema ne. Kafin ƙaramar sallah labari ya isa Katsina, aka ɗage maganar sa rana.

Abin da ya fi damuna, Alhaji ya faɗi wannan alaƙa da bakinsa, na kuma ji. Ta zame mini ne kawai.

Masana halayyar ɗan Adam suna da bayani kan irin wannan zamewa. Ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiya ta riƙon ƙwarya, inda take ajiye abin da take aiki da shi a yanzu. A 1956 George Miller ya kimanta abin da take ɗauka da guda bakwai, ko sama ko ƙasa da biyu. A 2001 Nelson Cowan ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Kamar tafin hannu take, in ka ƙara tsaba sai wata ta zube. To mutum goma kuwa, in za a haɗa su biyu-biyu, alaƙa 45 ce za ta iya kasancewa tsakaninsu. Ba wanda zai riƙe wannan a zama ɗaya, balle mai azumi da idonsa ke kan dabino.

Sai ƙwaƙwalwa ta nemi gajeriyar hanya. Linton Freeman ya nuna a 1992 cewa mutane sukan cike gurbin alaƙar da ba a gaya musu ba: in Audu abokin Bala ne, Bala kuma abokin Sani, sai a ɗauka Audu da Sani ma abokai ne. Matthew Brashears, lokacin yana Jami'ar Cornell, ya gano a 2013 cewa an fi tuna alaƙoƙi idan sun zo a irin wannan rufaffen siffa ta mutum uku, ko aka sa musu sunayen dangantaka. Daidai abin da na yi ke nan. "Kawun yarinyar da yake nema" magana ce mai gaɓa uku, ta yi mini nauyi, na sauke ta. Na ga garinsu ɗaya, mai masaukinsu ɗaya, suna dariya tare, na ƙulla musu aminci.

A gida wannan bai cika faruwa ba, domin tun kana yaro kake haddace wane surukin wane ne, gidan wane ba ya ga maciji da gidan wane. Wannan sani yana zaune daram a kanka. Doha kuwa gari ne da baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba, kowa da kwangilarsa, yau yana nan gobe ya tafi. Bahaushen da ka haɗu da shi a Najma ko Kasuwar Waƙif sabo ne fil, kuma duk tarihinsa yana rataye a 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan.

Amma binciken masana bai wanke ni ba. Mantuwa ba laifi ba ce. Laifina shi ne na ɗauki amanar mutum na ɗora ta a kan zato. Abin tsoron shi ne, a cikin kaina zaton da sanin ɗanɗanonsu ɗaya ne, ban ji wata shakka ba ko kaɗan. Shi ya sa yanzu rashin shakka ba ya isata hujja. In maganar wani ce zan kai wa wani, sai na fara tambayar mai maganar: "Me ke tsakaninka da wane? Ya sani?"

Na je har ɗakin matashin na ba shi haƙuri. Ya ce, "Yaya, ya wuce, da alheri ka nufa." Ya sami wani aikin daga baya. Maganar auren dai har yanzu manya ba su koma kanta ba.